Waiwaye: Yadda dillalin fili ya koma mai kaya a Kano

Duk damina sai maganar dillalan filaye ta taso a Kano. Da ruwan Agusta ya sauka, hotunan gidajen da ruwa ya shiga a sababbin unguwanni suka cika Facebook, sai ƙorafi ya ɓarke a shirye-shiryen rediyo na kiran waya. Wannan ya ce an sayar masa da fili a kan cewa tudu ne, ashe hanyar ruwa ce. Waccan ta ce ta zuba gadonta a fuloti, da ta aika a kai bulo sai aka tarar wani ya riga ya haƙa harsashin gini, shi ma riƙe da takardarsa. Mai neman haya kuma ya ce gidan da ya gani a bidiyo daban, wanda aka kai shi daban, ga kuɗin gani ya riga ya biya. Yawancin masu magana wayar hannu suke ɗora wa laifi, su ce tun da samari suka fara tallan fili a TikTok da WhatsApp gaskiya ta ƙare a harkar. Wasu kuma suna kira a yi wa dillalai rajista a ba su katin shaida.

Waya ta ƙara wa abin gudu, wannan ba musu. Amma ta zo ne ta tarar da ciwon ya yi shekara ashirin yana ci.

Dillanci tsohuwar sana'a ce mai mutunci a garin nan. Tun kafuwar kasuwar Kurmi a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, baƙon da ya kawo kaya yana sauka ne wurin fatoma, wato mai masaukin fatake, dillali ya nemo masa mai saye, a taya, a yi albarka, a ƙara, har a sallama, sannan a cire la'ada a gaban kowa. Jarin dillali sunansa ne, domin idan ya ɓoye aibin kaya yau, gobe ba wanda zai sake ba shi amana. Ita kuwa ƙasa ba ta cika shiga irin wannan ciniki ba a cikin birni. Mai neman wurin zama ta hannun mai unguwa yake bi, kuma idan an sayar da gida, ginin ake ɗauka an sayar. Turawa sun ci Kano a 1903, dokarsu ta 1910 ta sa ƙasar Arewa duka a ƙarƙashin kulawar gwamna, jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka yanka Sabon Gari da unguwar Turawa ta Nasarawa, dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ta ɗora a kan wancan tsari. A 1967 Kano ta zama babban birnin jiha. Wannan duk sananne ne.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne abin da ya faru a gonakin da ke kewaye da birni daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa ƙarshen na 1980.

Gonakin nan ba daji ba ne. Ƙasa ce da ake nomawa duk shekara ba hutu, jakuna su shigo birni da itace su koma da taki, kowace gona an san mai ita, an san iyakarta, an san mai kukar da ke tsakiya da mai ɗorawar da ke gefe. Akan sayar da gona, amma tsakanin mutanen da suka san juna, a gaban dagaci da maƙwabtan iyaka. Mai saye manomi ne, ya fi dillali sanin inda ruwa ke kwanciya. Babu wata ƙaryar da za a yi masa ta ci.

Sai abubuwa suka zo wa waɗannan gonaki a jere. Farin 1973 ya koro mutanen karkara zuwa birni. Kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji suka sa ƙaramin ma'aikaci ya fara tunanin gidan kansa. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suna ɗaukar ma'aikata, kuma kowa na son kwana kusa da wurin aikinsa. Birni ya cika, Fagge ta cika, filayen awon gwamnati kuwa ba su isa wannan tururuwa ba, kamar yadda ba su isa ba a sauran manyan biranen ƙasar.

A cikin wannan hali dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta fito. Ga mutanen Arewa ba baƙuwa ba ce, don da yawan abin da ke cikinta daga dokar 1962 aka ɗauko, kuma manufarta mai kyau ce, wato hana mutane ƙalilan mamaye ƙasa. Amma akwai sassanta da manomin gefen gari ya fahimta sarai ko da bai taɓa ganin takardar ba. Idan an karɓi ƙasa don amfanin jama'a, diyyar ta abin da ke kanta ce: shuka, itatuwa, gini. A yankin da aka ayyana birni ne, wanda ke da filin da ba a gina ba rabin hekta dokar ta bar masa. Ƙasar noma ta karkara kuma dokar ta hana a yanyanka ta fulotai. Manomin da ya ga gari na matso shi sai ya yi lissafi: in ya jira, ƙila ya tashi da kuɗin gero da na itatuwa, in ya sayar yanzu, ya sami kuɗin aikin Hajji da na wata gona a can ciki. Kowa ne a matsayinsa zai so ya sayar, kuma da wuri.

Sai dai manomi bai san masu saye ba, bai kuma iya yanka ba. Wanda ya san su shi ne dillali. Da farko kawo mai saye yake yi ya karɓi la'adarsa. Ba a daɗe ba ya gane cewa ribar ba a la'ada take ba, a yankan take. Sai ya fara sayen gonar ɗungurungum, sau da yawa ba da kuɗinsa ba: ya ba da kafin alƙalami, ya yi alkawarin cika sauran nan da 'yan watanni, ya kawo igiya da turaku ya yanka, ya sayar da fulotan, da kuɗin masu saye ya biya manomi. Wannan shi ne awon igiya, kuma ta wannan hanya aka gina babban ɓangare na unguwannin da suka kewaye birni a yau, daga Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa zuwa Ɗorayi da Sheka da Rimin Kebe.

A gaskiya awon igiya ya rufa wa talakan Kano asiri. Iyalai masu ɗimbin yawa da ba za su taɓa samun fili a awon gwamnati ba sun mallaki muhalli ta nan, kuma cikin masu yankan akwai mutanen kirki da suka bar hanya mai faɗi, suka ware wurin masallaci da makaranta da maƙabarta. Amma mu dubi abin da ya canja a cikin cinikin kansa. A da mutum uku ne: mai kaya, mai saye, da na tsakiya wanda kayan ba nasa ba ne, wanda abin da zai samu sananne ne. Yanzu na tsakiyan shi ne mai kaya. Duk ƙafa ɗaya da ya rage wa hanya kuɗi ce a aljihunsa. Kwarin da manomi ya san rafi ne da damina, in an bar shi asarar fuloti biyu ko uku ce, in an yanka shi riba ce. Ga kuma manomi na jiran cikon kuɗinsa, wa'adi na matsowa. Mutumin da ke cikin wannan matsi shi ne mai saye ke tambaya, "Alhaji, wurin nan ba ya cin ruwa ko?" Yana tambayarsa ne a matsayin shaida, don har yanzu dillali yake kiransa, alhali mai kaya ne da ke neman rabuwa da kayansa.

A ganina daga nan ƙarya ta sami wurin zama a tallan fili. Mai saye ya rasa mutumin da ke tsaye a tsakani, kuma bai san ya rasa shi ba.

Mai sayen ma ba irin na da ba ne. Baƙo ne a wurin: ɗan kasuwa daga Kantin Kwari, malamin makaranta, direba. Da rani ake kai shi, lokacin da ko'ina ya bushe ƙayau. Takardar da zai riƙe ta ciniki ce, mai ɗauke da sa hannun shaidu da na mai unguwa, kuma abin da take shaidawa shi ne an yi ciniki. Ba ta ce wurin ba ya kan hanyar ruwa ba, ba ta ce ba ya ƙarƙashin babbar wayar wuta ko cikin shatar titin da za a yi nan gaba ba. Kuma da yake yawancin wannan ciniki ba ya shiga wani kundi guda da kowa zai iya dubawa, sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ya zama abu mai sauƙi, musamman gonar gado da ba a gama rabawa ba, inda wannan magaji ya sayar wancan ma ya sayar.

Daga filaye ɗabi'ar ta tsallaka zuwa gidaje. Dillalin da ya ɗanɗani ribar yanka ba ya komawa ga la'adar kashi 5 cikin 100 da daɗin rai. Sai aka koma tsarin da mai gida zai ce, "Kawo min kaza, abin da ya hau naka ne." Malaman fiƙihu sun yi saɓani a kan wannan sharaɗi, wasu sun halatta, wasu sun hana saboda ba a san adadin ladan ba. Amma ko waɗanda suka halatta ba su halatta a ce wa mai saye "wallahi haka mai shi ya ce" alhali bai ce ba, ko a ce "an taya kaza an ƙi" alhali ba wanda ya taya. Ƙirƙirar tayi don a ɗaga farashi shi ne najashi, wanda Annabi (SAW) ya hana. Shi ne kuma ya cusa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ɗaukar hoton gaban gida a bar bangon baya da ya tsage, wannan hadisi ya riga ya yi magana a kansa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, mai saye na da damar mayar da kaya idan ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa, amma wa zai mayar wa, idan wanda ya yanka ya sayar ya riga ya koma wata gonar a wani gefen gari?

Abin da ya biyo baya gajere ne. Faɗuwar darajar naira daga 1986 ta sa fili ya zama asusun ajiya, mutane suna saye ba don gini ba, fuloti ɗaya ya bi hannu biyar ba wanda ya taɓa tsayawa a kansa da damina. A cikin birni aka shiga cike kududdufai ana sayarwa, ruwan da suke sha ya koma gidajen maƙwabta. Wayar salula ta zo a 2001, layin dillalai ya ƙara tsawo: na farko ya san mai gida, na huɗu bai san ko sunansa ba, kowa ya ɗora nasa ya kuma ƙara wa bayanin gishiri. Gidajen rediyo masu zaman kansu suka buɗe ƙofar talla, daga baya Facebook da WhatsApp da TikTok suka sa kowa ya zama mai shela. Kalaman ba su canja ba tun zamanin igiya: bakin titi, ba rigima, takardu cikakku, wuta ta kusa zuwa, mai shi na cikin buƙata. Abin da ya ƙaru shi ne masu sayen da ba za su iya zuwa su gani ba, kamar mazauna Saudiyya da Legas da Abuja, da matan aure masu saye da kuɗin adashi ko na gado ta hannun ƙane ko ɗan'uwa. Cinikin biri a sama ake yi da su, kuma su ne suka fi ban tausayi, don sau da yawa kuɗin ke nan ba wasu.

Dokoki dai akwai su. Tun 1975 aka kafa dokar rajistar ƙwararrun masu kimanta gidaje da filaye, akwai dokar talla ta 1988 wadda aka sabunta a 2022, akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 da ta hana bayanin da zai yaudari mai saye, kuma zamba cikin aminci laifi ce a kundin hukunta laifuka. Sai dai ƙwararrun nan sun fi yin aiki da bankuna da manyan kadarori, yayin da cinikin talaka ke ƙullewa a kan benci a bakin hanya, ƙorafinsa kuma ya ƙare a sulhun ƙofar gida ko a kotun shari'a bayan an riga an kashe kuɗin.

Shi ya sa nake ganin kiran a yi rajista, duk da kyansa, bai taɓo wurin da ke ciwo ba. Katin shaida zai nuna sunan mutum da ƙungiyarsa, ba zai nuna ko filin da yake talla nasa ne, ko yana da kaso a ciki, ko ɗan aike ne kawai ba. Ƙungiyoyin dillalai na unguwanni, waɗanda suka fi kowa sanin 'ya'yansu, za su iya sa wannan ya zama sharaɗi a takardar ciniki: a rubuta sunan mai kaya na asali, da adadin da zai karɓa, da abin da dillali zai samu, da duk aibin da aka sani a wurin, har da inda ruwa ke bi. Idan dillalin shi ne mai kayan, a rubuta haka ɓaro-ɓaro, mai saye ya nemo nasa dillalin da zai tsaya masa, ya kuma sami lokacin tambayar maƙwabtan iyaka kafin ya ba da kafin alƙalami.