Ciyawar da dabba za ta ci, don Allah ba a yi mata feshi

Jama'ar Aboabo, Asawase da Tafo a Kumasi, na ga yadda shuka doguwar ciyawa a cikin tukwane ya shigo gidajenmu, kuma wallahi abin ya burge ni. Tsakar gida duk siminti ce, amma mutum zai yanka galan ɗin Kufuor (jarkar robar nan mai ruwan ɗorawa) ko rabin ganga, ya dasa gamba, jema ko ciyawar giwa a kewayen zomayensa. Dabba ta samu inuwa, ta samu wurin ɓuya, gida ya yi kyau. Madalla.

Amma feshin nan fa? A 'yan watannin nan dabbobin da ake kawo mana don magani duk labari ɗaya ne: zomo na dalalar da yawu, mage na karkarwa, kare ya ƙi abinci. Ka tambaya, sai a ce "ai ɗan kaɗan na fesa, saboda kaska." Kaɗan ɗin nan shi ne ke kashewa. Zomo ba kallon ciyawa yake yi ba, ci yake yi. Kuma zomo ba ya iya amai, abin da ya shiga cikinsa ya shiga ke nan. Mage kuwa ko ba ta ci ganyen ba, za ta goga jikinta ta lashe, kuma hantarta ba ta iya sarrafa maganin ƙwari irin su permethrin.

Wani ma da injin feshin gona yake ba tukwanensa ruwa, wanda jiya-jiya aka zuba masa "kondem", maganin kashe ciyawa. Haba Alhaji! Ɗauraye shi sau ɗaya ba ya fitar da dafin. Haka galan da aka taɓa ajiye magani a ciki, kada a yi shuka a cikinsa, ko kyauta aka ba ka.

Iyayena mata, na san tsoron kaska da ƙuma ne, musamman da damina idan ciyawa ta yi duhu. Tsoronku yana kan hanya. Sai dai maganin kaska a jikin dabba ake sa shi, wanda likitan dabbobi ya zaɓa, ba a kan abincinta ba. Na kare ma ba a shafa wa mage.

A taƙaice: ku huda gindin tukunya ruwa ya riƙa fita, kada sauro ya samu gida. Ciyawa ta yi yawa, ku sa lauje ku rage ta, za ta sake tohowa. Wadda aka sayo a bakin titi, ku tambayi mai sayarwa ko ya fesa, ku ajiye ta nesa da dabbobi har sabon ganye ya fito.

Idan kuma an riga an yi feshin, dabba ta fara karkarwa, kada a tsaya ɗura mata manja ko madara, tana iya shaƙewa. A ɗauko ta maza zuwa wurin likitan dabbobi, a haɗo da kwalbar maganin don a san abin da ta ci.