Tricky (kalmar Turanci)

"Tricky" sifa ce a harshen Turanci mai ma'ana biyu. Ana siffanta mutum mai wayo da ha'inci da ita, ana kuma siffanta al'amari mai wuyar sha'ani wanda wahalarsa ba ta bayyana a fili. An gina ta ne daga sunan nan "trick", watau dabara ko zamba, aka ƙara masa ɗafin "-y". Shi kuwa sunan ya shigo Turanci a ƙarni na 15 daga tsohon karin harshen arewacin Faransa, kuma danginsa ce kalmar "tricher" da Faransawa ke nufin maguɗi da ita har yau.

Ma'anar wayo ce ta riga zuwa, domin tun ƙarshen ƙarni na 18 ake samun ta a rubuce. Idan aka kira mutum da ita, zargi ne, ba yabo ba: ana nufin ba a sakin jiki da shi, kamar yadda ba a sakin jiki da Gizo a tatsuniya. Laƙabin "Tricky Dick" da ya bi Richard Nixon ya yaɗu ne a takarar kujerar majalisar dattawan Amurka ta jihar Kalifoniya a 1950, lokacin da abokiyar hamayyarsa Helen Gahagan Douglas ta riƙa jifansa da shi, kuma bai rabu da shi ba har ya sauka daga shugabancin ƙasa a 1974.

Ma'ana ta biyu ta bayyana ne a ƙarni na 19, ita ce kuma ta fi yawa a bakin mutane yanzu. A nan masu koyo suka fi tuntuɓe, saboda suna ɗaukar ta daidai da "difficult", watau mai wuya, alhali akwai bambanci. Ɗaukar buhun masara aiki ne mai wuya, amma ƙarfi kawai yake bukata, don haka "tricky" ba ta dace da shi ba. Zura zare a kafar allura da magariba, ko tambayar jarrabawa da ta yi kama da mai sauƙi alhali an ɗana tarko a cikinta, su ne ainihin abin da take nufi, watau wahalar da ke bukatar lura da dabara.

Mai fassara zuwa Hausa ya wajaba ya dubi abin da ake siffantawa: "mai wayo" ko "maha'inci" ga mutum, "mai sarƙaƙiya" ga lamari. "Mai wuyar sha'ani" kuwa tana hawa kan duka biyun.