Waiwaye: Yadda jami'o'i suka shiga kasuwa da abin da malamansu suka ƙirƙiro

A watan Fabrairun 1933 wani manomi mai suna Ed Carlson ya tuƙo mota cikin ƙanƙara zuwa Jami'ar Wisconsin da ke Amurka, ɗauke da mushen saniya, da damin ruɓaɓɓiyar ciyawa, da garwar madara cike da jinin da ya ƙi daskarewa. Shanunsa ne ke ta mutuwa, jini na zubar musu ba ya tsayawa. Ofishin da ya nufa a rufe yake domin ranar Asabar ce, sai ya faɗa ɗakin binciken wani malami, Karl Paul Link. Daga wannan garwar Link da ɗalibansa suka shafe shekaru suna bin diddigi har suka gano sinadarin da ke tsinka jini. A 1948 aka kai wani ɗan'uwansa mafi ƙarfi da suka haɗa kasuwa a matsayin maganin ɓera, a 1954 aka yarda mutane su sha, kuma har yau likitoci na rubuta shi ga masu matsalar gudajin jini. Sunansa warfarin, kuma haruffa huɗu na farkon sunan, WARF, sunan wata gidauniya ce da ke riƙe wa jami'ar takardun mallakar ƙirƙire-ƙirƙirenta.

Ita wannan gidauniya ta riga saniyar Carlson. Wani malamin, Harry Steenbock, ya gano cewa idan aka haska abinci da wani nau'in haske yakan samu sinadarin bitamin D, wanda rashinsa ke lanƙwasa ƙafafun yara. Da dala 300 daga aljihunsa ya nemi takardar mallaka. Kamfanin Quaker Oats ya zo da tayin kuɗi da ya kusa dala miliyan ɗaya ya saye haƙƙin, Steenbock ya ce albarka. So yake kuɗin su koma ga bincike, ita kuwa jami'ar tana jin kunyar a gan ta tana ciniki. Mafitar da aka samu a 1925 ita ce tsofaffin ɗalibai 9 suka ba da dala 100 kowanne aka kafa WARF, tana gefe tana cinikin, tana miƙo wa jami'a riba.

Labarin yana da daɗi, amma akwai ɓangaren da ba a cika faɗa ba. Wisconsin jihar madara ce. Gidauniyar ta ƙi ba masu yin majarin, wato man shafa burodi mai araha da talaka ke saye maimakon man shanu, lasisin saka bitamin ɗin, don kada su kashe wa makiyayan jihar kasuwa. Yaran talakawa su ne suka fi fama da lanƙwashewar ƙafa. A shekarun 1940 kotun tarayya ta soke takardun. Ashe tun ranar farko ba a kan takardar gizo ke saƙa ba. Maganar ita ce wa ka ba izini, wa ka hana, kuma bisa wane sharaɗi.

A zamanin nan malaman jami'a da yawa suna ɗaukar neman takardar mallaka a kan magani abin kunya ne. Da aka gano allurar insulin ta masu ciwon suga a Jami'ar Toronto ta Kanada, Frederick Banting da Charles Best da James Collip sun sayar wa jami'ar haƙƙinsu a 1923 kan dala ɗaya kowanne. Jami'ar ta riƙe takardar ne don ta sa ido kan ingancin abin da kamfanoni ke haɗawa, kuma don kada wani ya riga ta ya yi babakere. Jonas Salk, mai rigakafin shan inna, da aka tambaye shi a talabijin a 1955 wa ya mallaki rigakafin, cewa ya yi na jama'a ne, ya kuma mayar da tambaya: ana mallakar rana?

Ingila ta sha darasinta da zafi. A Oxford ne Howard Florey da Ernst Chain suka mayar da penicillin magani na gaske a farkon shekarun 1940. Chain ya so a nemi takarda, manyan masana suka ce bai dace da mutuncin likitanci ba. Aka kai aikin Amurka don a samar da shi da yawa, can aka yi rajistar hanyoyin sarrafa shi, kamfanonin Ingila suka wayi gari suna biyan la'ada a kan abin da aka raina a gidansu. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Wannan haushin na cikin abin da ya sa Ingila ta kafa hukumar gwamnati a ƙarshen shekarun 1940 don riƙe irin waɗannan haƙƙoƙi. Duk da haka a 1975 César Milstein da Georges Köhler suka gano hanyar yin ƙwayoyin garkuwar jiki masu kai hari wuri guda a Cambridge, ba a yi rajista ba, kuma a kan wannan fasahar aka gina wasu daga cikin magungunan da suka fi tsada a duniya yau.

A Amurka matsalar ta ɗauki wani salo. Bayan yaƙin duniya na biyu gwamnati ce ke zuba mafi yawan kuɗin bincike a jami'o'i, don haka ta ce abin da aka gano nata ne. Kafin 1980 ta tara takardun mallaka kusan 28,000, amma waɗanda wani kamfani ya karɓi lasisinsu ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Abin da ya fito daga ɗakin bincike ɗanye ne, sai an kashe masa shekaru da maƙudan kuɗi kafin ya zama ƙwayar magani a kanti, kuma ba ɗan kasuwar da zai yi wannan wahala alhali maƙwabcinsa na iya kwaikwaya gobe kyauta. Ko lemon kwalba bai tsira daga ruɗanin ba: Gatorade, da likita Robert Cade ya haɗa a Jami'ar Florida a 1965 don 'yan wasan ƙwallon makarantar, sai da ya kai su kotu shi da jami'ar da gwamnati, aka sasanta a 1973 jami'ar na karɓar kashi 20 na la'ada.

Sanatoci biyu, Birch Bayh na Indiyana da Bob Dole na Kansas, ɗaya daga kowace jam'iyya, suka kawo ƙudurin da Shugaba Jimmy Carter ya sa wa hannu ranar 12 ga Disamba, 1980. Dokar ta ce jami'a na iya riƙe mallakar abin da aka gano da kuɗin gwamnati, da sharaɗin ta sanar da gwamnati, ta nemi takarda, ta yi ƙoƙarin kai abin kasuwa, ta ba malamin da ya ƙirƙiro kasonsa, sauran kuma ya koma ga bincike da koyarwa. Gwamnati ta ajiye wa kanta ikon ƙwace lasisi ta ba wani idan aka ƙi amfanar da jama'a. Shekara 40 da ɗoriya ke nan, ba ta taɓa zare wannan takobin ba, ko da masu fafutuka suka roƙe ta a kan Xtandi, maganin ciwon dajin maza mai tsadar gaske da aka gano a Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjalas.

Kwana 10 kafin sa hannun Carter aka ba da wata takarda da, a ganina, ta fi dokar koyar da darasi. A 1973 Stanley Cohen na Jami'ar Stanford da Herbert Boyer na Jami'ar Kalifoniya suka wallafa yadda ake yanko ƙwayar gado daga wata halitta a dasa a wata. Ba su yi tunanin rajista ba. Jami'in da ke kula da lasisi a Stanford, Niels Reimers, a jarida ya ga labarin. Ya lallashi Cohen, suka shigar da takardu a Nuwamban 1974, saura 'yan kwanaki wa'adin shekara ɗaya da dokar Amurka ke bayarwa bayan wallafawa ya cika. A Turai babu irin wannan sassauci, don haka haƙƙin can ya riga ya tafi. Sai Reimers ya ƙi ba kamfani ɗaya tilo. Ya buɗe ƙofa ga duk mai so a kan kuɗi mai sauƙi, dala 10,000 a shekara da ɗan kaso kaɗan na ciniki. Kamfanoni sama da 460 suka karɓa, kuma kafin takardar ta ƙare a 1997 jami'o'in biyu sun samu kimanin dala miliyan 255.

Ɗaya fuskar kuma a Jami'ar Yale ta Amurka ta bayyana. Malamanta suka gano cewa wani sinadari mai suna stavudine na yaƙar ƙwayar cuta mai karya garkuwar jiki, jami'ar ta ba kamfanin Bristol-Myers Squibb lasisi shi kaɗai, tana karɓar miliyoyi duk shekara. A 2001, mutane na mutuwa a Afirka ta Kudu don maganin ya fi ƙarfin aljihunsu, ƙungiyar likitoci ta MSF ta roƙi Yale ta sassauta. Jami'ar ta fara cewa yarjejeniya ta ɗaure mata hannu. Ɗalibai suka taso, shi kansa William Prusoff da ya gano maganin, yana da shekara 80, ya fito ya goyi bayansu. Cikin makonni kamfanin ya sauke farashi zuwa santi 15 na dala a rana a Afirka, ya kuma ce ba zai kai masu yin kwatankwacinsa a Afirka ta Kudu kotu ba.

Ƙasashe sun yi ta kwaikwayon dokar Amurka: Japan a 1999, Jamus a 2002 inda ta karɓe mallaka daga hannun farfesa ta ba jami'a, Afirka ta Kudu a 2008. Suwidin ta ƙi, har yau malami ne mai abinsa. Abin da ke jan hankalin shugabannin jami'o'i shi ne manyan cinikai, kamar hannun jarin Google da Stanford ta sayar dala miliyan 336 a 2005, ko dala miliyan 525 da Jami'ar Emory da malamanta suka karɓa a shekarar kan wani maganin ƙanjamau. Irin waɗannan 'yan tsiraru ne. Yawancin ofisoshin lasisi a jami'o'in Amurka da kyar suke mayar da albashin ma'aikatansu da kuɗin lauyoyi.

Najeriya ma ta bi sahu. Hukumar NOTAP mai kula da shigo da fasaha da bunƙasa ta, da aka kafa tun 1979, ta fara buɗe ofisoshin kula da haƙƙin ƙirƙira a jami'o'i da cibiyoyin bincike daga 2006. Sai dai dokar rajistar ƙasar ta 1970 ce, kuma mai rajista takardu yake dubawa ko sun cika, ba ya tantance ko abin sabo ne da gaske. Ga kuma tsarin ƙarin girma da ke ƙirga maƙaloli: malami na sauri ya wallafa don ya zama farfesa, wallafawar kuma ita ce ke iya kashe masa damar rajista, kamar yadda Cohen da Boyer suka rasa Turai.

Misalin da ya fi kusa da mu na cibiyar gwamnati ne, NIPRD ta Abuja mai binciken magunguna, amma tafiyar iri ɗaya ce. A shekarun 1990, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, cibiyar ta karɓi wani haɗi na masu sikila daga wani limamin coci mai maganin gargajiya, Paul Ogunyale. Kayan haɗin huɗu ne, uku duk gida an san su: masoro, kanumfari, ganyen dawa, sai itacen da Yarabawa ke kira osun. Aka gwada, aka ga yana rage yawan tashin ciwo, aka sa masa suna Niprisan, aka samu takardar mallaka a Amurka a 1998 da sunan mai maganin a jerin waɗanda suka ƙirƙiro, abin da ba kasafai ake yi wa masu ilimin gargajiya ba. A 2002 aka ba wani ƙaramin kamfani na Amurka, Xechem, lasisi shi kaɗai. Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da maganin a 2006 da sunan Nicosan. A 2008 kamfanin ya shiga kotun masu karayar arziki, a 2009 aka janye lasisin, maganin ya yi wuyar samu a ƙasar da ta fi kowace yawan haihuwar yara masu sikila a duniya. Sai a 2018 aka ƙulla sabuwar yarjejeniya da kamfanin May & Baker na Najeriya, ya dawo da shi da sunan Niclovix. A lokacin takardar Amurkan ta riga ta cinye wa'adinta na shekara 20.