Farfaɗiya da gadar da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ɓari biyu ce, kuma kowane ɓari da kishiyar gefensa yake aiki: na hagu ke motsa hannun dama, na dama ke motsa na hagu. A tsakaninsu akwai gada ta zaruruwan jijiya wajen miliyan 200, tsawonta kusan santimita 10, likitoci na ce mata kofas kalosam. Ta kanta saƙo ke tsallakawa daga wannan ɓari zuwa wancan.

Birai ma suna da ita, har waɗanda yara ke zuwa kallo a gidan namun daji na nan Jos. A jikin kyanwa da biri aka fara gane aikinta. Tun shekarun 1950 wani masanin ƙwaƙwalwa, Roger Sperry, da ɗalibansa a Amurka suka riƙa yanke gadar tare da mahaɗar jijiyoyin ido, su rufe wa dabbar ido ɗaya su koya mata wani abu. Da an sauya idon, sai ka ga kamar ba ta taɓa koyonsa ba. A 1962 likitoci a Los Anjeles suka yi wa wani mai farfaɗiyar da ta gagari magani irin wannan yanka a gadar, faɗuwar kuwa ta ragu ƙwarai. Sperry ya karɓi kyautar Nobel a 1981.

Me ya kawo wannan cikin aikinmu na lafiya? Farfaɗiya rikicewar lantarkin ƙwaƙwalwa ce. Ga mutane da yawa, a wuri ɗaya take tashi cikin ɓari guda, sannan ta bazu, gadar nan kuwa babbar hanyarta ce. Shi ya sa uwa za ta ce, "Malama, yatsun hannunsa na dama ne suka fara rawa, kansa ya juya gefe, can sai ya sandare ya faɗi." Wani kuma wari yake ji wanda ba kowa ke ji ba, ko cikinsa ya taso, kafin ya fita hayyacinsa. A gida nan take za a ce iska ce ta shige shi. Mu kuwa wannan bayanin muke nema ruwa a jallo, don hannun dama na nuna ɓarin hagu. In da wani a kusa, ya ɗauki bidiyo da waya don likita kawai, ba don Facebook ba.

In abin ya tashi, a janye wuta, ruwan zafi da duk abu mai kaifi, a sa tsumma mai laushi ƙarƙashin kai, a sassauta wuyan riga. Kada a danne shi. Kada a cusa cokali ko yatsa a baki, mutum ba ya haɗiye harshensa, haƙori kawai za a karya. Ban da ɗura rubutu ko manja, ban da turara hayaƙi a hanci. Da jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe, yawu ya zuba. Yawun nan ba ya sa wa kowa ciwon, abin takaici ne a ce har yanzu ana darewa a bar yaro shi kaɗai a ƙasa. In ta wuce minti 5, ko ta sake tasowa bai farfaɗo ba, ko mai ciki ce, sai asibiti.

Kada maganar tiyata ta tsorata kowa, ƙalilan ne ake kaiwa can. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace. A fara da asibitin unguwa, in ta kama za a tura ku Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo. Addu'a ba ta hana shan magani. Inda ake yawan samun matsala shi ne a ga wata uku lafiya lau a ajiye ƙwayar, alhali dainawa farat ɗaya kan tayar da faɗuwa mai tsanani. Mace mai shan maganin kuma, in tana neman haihuwa, ta ga likita tun kafin cikin ya shiga, don akwai wanda ke taɓa jariri, sai a sauya mata wani.