Lagireto, zafin mota da bugawar inji: tambayoyin da masu mota ba sa gajiya da yi

Duk wanda injin motarsa ya buga saboda zafi, ƙorafinsa ɗaya ne, wai motar ba ta nuna masa wata alama ba. Ta nuna. Ruwa ya yi makonni yana raguwa, allurar zafi ta sha ɗagawa a cunkoso, shi kuma yana ta ƙara ruwa yana wucewa. Ga amsoshin, don a huta da maimaici.

Allurar zafi ta haura, kuma saura kaɗan in isa gida. In lallaɓa?

A'a. Ka gangara gefen titi ka kashe. Kafin ka samu wurin tsayawa, kashe na'urar sanyi ka kunna hita har ƙarshe, tana ɗan janye zafi daga inji. Top silinda, wato kan inji, na yawancin motocin yanzu alminiyam ne, mintuna kaɗan na tafiya ba ruwa sun isa su lanƙwasa shi. Kuɗin janwe bai kai ko kusa da kuɗin inji ba.

In buɗe murfin lagireto nan take in ƙara ruwa?

Kada ka soma, sai dai in ka gaji da fatar fuskarka. Jira aƙalla minti 30 zuwa 45, ka matsa tiyon sama da tsumma. In har yana da tauri, to da sauran matsi a ciki. Kuma kada ka sheƙa wa inji mai zafi ruwan sanyi, ko ta ciki ko ta waje, yana iya tsaga shi.

Me ya sa ake ta cewa kulant, bayan ruwa ma yana aiki?

In kana tsakiyar daji ba ka da komai, zuba ruwan leda ka isa gari. Mayar da shi ɗabi'a ne matsalar. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishiri, yana daskarewa a siraran bututun lagireto ya toshe su, tsatsa kuma ta cinye fukafukan famfon ruwa. Kulant, wato ruwan da aka haɗa musamman don sanyaya inji, yana da maganin tsatsa. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, haɗin kulant da ruwa rabi da rabi yana kai wajen 107, in kuma murfi yana riƙe matsi yadda ya kamata sai ya wuce 120 bai tafasa ba. In ka sayi kulant mai kauri, ka sirka shi da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, ba asid ba. In an rubuta a jarkar cewa sirkakke ne, kada ka ƙara masa komai.

Bakanikena ya ce a cire tamostat, wai na ƙasashen sanyi ne.

Bai yi daidai ba, ko da shekara 30 ya yi a gareji. Tamostat, wato bawul ɗin da ke kan hanyar ruwa tsakanin inji da lagireto, yana rufe ne har inji ya kai zafin aikinsa, a motoci da yawa yana fara buɗewa daga digiri 82 zuwa 90. In babu shi, inji zai daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar mota ta yi ta ƙara mai, silinda ta yi ta lalacewa a hankali. A wasu injinan ma shi ne yake toshe gajeriyar hanyar ruwa idan ya buɗe, cire shi sai wani ruwan ya riƙa zagayawa bai bi ta lagireto ba. In ya maƙale a rufe, a sa sabo. Gwajinsa ba wuya: a jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta, a ga ko zai buɗe kafin ruwan ya tafasa. Haka nan haɗa fanka kai tsaye da makulli, rufe ciwo ne ba magani ba. A duba fiyus, rile da na'urar da ke auna zafin ruwa.

An ce ƙwai ko garin barkono yana toshe yoyon lagireto.

Yana toshe yoyon, yana toshe lagireton da hita gaba ɗaya. Bar shi.

Motata ta yi zafi sau ɗaya, na tsaya, na ƙara ruwa, yanzu tana tafiya lafiya. Gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin top silinda da gangar inji, ya ƙone ko bai ƙone ba? In bari a buɗe inji?

Wannan ba a amsa ta da kalma ɗaya, kuma duk wanda ya yanke maka hukunci daga jin labari kawai, caca yake yi da kuɗinka. Ya danganta da yadda allurar ta kai, da tsawon tafiyar da aka yi a haka, da ko akwai sauran ruwa a ciki lokacin. In allura ta ɗan haura rabi ka kashe nan da nan, kwantar da hankalinka, galibi ba abin da ya samu injin. In ta shiga ja har motar ta rage ƙarfi ko ta mutu da kanta, to ka shirya jin labari marar daɗi. Akwai kuma tarko: in ruwa ya zube gaba ɗaya, na'urar auna zafi ba ta taɓa ruwa, allura tana iya sauka ka ɗauka an samu sauƙi alhali injin yana dahuwa.

Kafin kowa ya ɗora sifana, a fara da abin da ba ya cin kuɗi. Da safe, inji da sanyi, buɗe murfin lagireto, cika ruwa, tayar da mota. Kumfa kaɗan a farko na iya zama iskar da ta shiga lokacin ƙarin ruwa. Kumfar da ba ta yankewa, ko tiyo ya yi tauri cikin minti 2 inji bai ko ɗumama ba, alama ce cewa hayaƙin silinda yana shiga ruwa. Zaro sandar auna baƙin mai. In ya koma kamar shayi da madara, kada ka sake tayar da motar, ruwa a mai yana cinye metal, wato ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu, daga nan sai bugawa. Duba salansa: farin hayaƙi da safiyar hunturu da ke ɓacewa bayan mintuna ba komai ba ne, wanda ke ci gaba da fita da ɗan ƙamshi mai zaƙi shi ne abin tsoro. Fulogi ɗaya da ya fita fes alhali sauran suna da dauɗa, tururi ne ya wanke shi.

Sai dai rashin waɗannan alamu bai wanke gasket ba. Ƙaramar tsaga tana iya ɓoyewa sai an hau babban titi da kaya. Don haka a nemi garejin da ke da kayan gwaji: famfon da ake matsa lagireto da shi a ga ko matsi zai sauka, da shuɗin ruwan gwaji da ke komawa ɗorawa in akwai hayaƙi a cikin ruwa, da ma'aunin matsin silinda. In duk sun fita lafiya, kada a buɗe inji. A gyara abin da ya jawo zafin, ka sa alama a jarkar ruwa, ka riƙa dubawa kowace safiya na mako 2 ko 3.

In gwaji ya nuna gasket ne, sauya shi kaɗai bai wadatar ba. A kai top silinda a auna shi da miƙaƙƙen ƙarfe. A injina da yawa masu silinda 4, lanƙwasa da ta wuce milimita 0.05 sai an kankare, wani kuma kamfani ya ce a sauya ne kawai. A gwada ko ya tsage, a duba fuskar bulok ɗin ma, wato gangar injin. A ɗaure kusoshi da sifana mai awo, bisa jerin da littafin motar ya faɗa, ba da ƙarfin damtse ba. Masu Camry mai injin 2AZ-FE na wajen 2002 zuwa 2006 su kula, zaren kusoshin top silinda yakan zame a cikin bulok, in ba a gyara zaren ba sabon gasket ba zai daɗe ba. Shin gyara ya fi ko sayen wani injin ɗan Beljiyam? In babu ƙara a ƙasan inji kuma silinda ba ta karce ba, gyara yakan fi. In an yi tafiya da ruwa a cikin mai, ni dai na fi karkata ga wani injin, amma shi ma ba ka san zafin da ya sha a can ba, sai ka nemi sharaɗin gwaji daga mai sayarwa.

Ruwa yana raguwa amma ban ga yana ɗiga ba.

Fara da murfin lagireto, shi ne mafi araha kuma shi aka fi mantawa. Dubi lambar matsin da ke kansa, 0.9 ko 1.1, ka sayi irinta. Sai ka nemi farin busasshen tabo a bakin tiyoyi, da inda robar lagireto ta haɗu da alminiyam, da ƙaramin ramin da ke ƙasan famfon ruwa. Taɓa kafet ɗin gaba, in da danshi hita ce. Masu Nissan Pathfinder da Xterra na 2005 zuwa 2010 masu giya otomatik su duba man giya, lagiretonsu yakan fashe ta ciki ya haɗa ruwa da mai.

Wani ya ce: motata sai a cunkoso kawai take zafi. Wani kuma ya ce: tawa sai a babban titi.

Ta farko fanka. Ta biyu toshewar lagireto ko famfon ruwa da ya gaji. Ƙurar hunturu da ciyayi sukan cushe tsakanin lagireto da abin sanyin da ke gabansa, a wanke da ruwa marar ƙarfi daga baya zuwa gaba.

Zan iya haɗa jan kulant da kore?

Kala ba ita ce ma'auni ba, karanta littafin motarka. In ba ka san abin da ke ciki ba, a zubar, a wanke, a sa iri ɗaya. Koren da aka saba da shi ana sauya shi duk shekara 2. Ruwan hoda na Toyota yana kai kilomita 160,000 a zubin farko, daga nan duk 80,000. Bayan sauyawa a fitar da iska, hita a buɗe, a bar mota tana aiki har fanka ta tashi, a bari ta huce a sake cikawa. Peugeot 406 tana da ƙananan kusoshin fitar da iska, in ba a kwance su ba za ta yi zafi da sabon kulant ɗin nata a ciki.