Waiwaye: daga ƙasar kango zuwa ɓaraguzan bulo a Sakkwato

Tun farkon 2024 da buhun siminti ya haura naira 10,000, duk mai gini cikin garin ga ya koma lissafi. Tsohon kwano, tsohuwar taga, ƙofar ƙarfe da anka ciro daga wani gida, rodin da anka miƙar da guduma, duk sun yi kasuwa. Masu ilimin muhalli kuma suna ta kiran a riƙa sake amfani da kayan gini don a rage cin ƙasa da yashi da dutse. Maganarsu gaskiya ce, amma in za a yi ta a Sakkwato ya kamata a fara daga baya, don garin ga ya fi shekara 150 yana juya kayan gininshi kafin siminti ya zama ruwan dare.

A 1809 Muhammadu Bello ya kafa birnin, da ganuwa da ƙofofi irin su Ƙofar Kade, Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Atiku da Taramniya. Dukkansu da ƙasa anka yi su. Magina su haƙo ƙasa, a jiƙa, a zuba ciyawa a tattake, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, sannan a mulmula tubali da hannu a shanya a rana. Rufi kuma azara ce ta giginya, wadda gara ba ta cika iya mata ba.

To ga inda abin yake. Gidan ƙasa in ya faɗi, kayanshi ba su mutu ba. Katangar da damina ta kayar, da rani za a farfasa ta nan inda ta zube, a jiƙa, a sake kwaɓawa, ta koma katanga. Azarar soron kaka ita za a zare a rufa ɗakin jika, shi ya sa ko wajen rabon gado ba a raina azara. Ƙasar kangon da ba a buƙata manoma na so, a ɗora wa jaki a kai gona tare da toka da kashin awaki, don tsohuwar ƙasar gida ta sha taki. Kai har abin da ake shafe soro da shi don kar ruwa ya shiga, daga sharar wasu sana'o'i yake fitowa: katsi daga gindin karofin marina, gashin akuya daga majema, a haɗa da dafara a samu laso. Makuba kuma, wadda ita ma ake shafe gini da ita, daga ɓawon ɗorawa ake yin ta. Garin da ya yi suna da fatar jar akuya har ƙasashen waje ba ya rasa gashin jima, kenan majemi ya rabu da ƙazanta, magini ya samu kayan aiki, ba wanda ya kira taron bita.

Ramin da anka ɗebi ƙasar shi ne kududdufi. E, akwai sauro, akwai wari, yara ma na faɗawa, ba zan yi mai kwalliya ba. Amma shi ke shanye ruwan unguwa in an yi mamako, kuma da rani a sake ɗibar laka a ciki.

Turawa sun ci Sakkwato a 1903, sannu a hankali kwano da bulo sunka fara shigowa ta gine-ginen gwamnati da na En'e. Babban juyi dai siminti ne. An kafa kamfanin simintin Arewa a 1962 zamanin Sardauna, ya fara aiki a Kalambaina a 1967 da ƙarfin tan 100,000 a shekara, saboda dutsen farar ƙasa da Allah ya ajiye a wajen. A shekarar kuma Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma, ma'aikata sunka cika gari, sai ga ƙarin albashin Udoji a 1974 da kuɗin mai, har ta kai a 1975 jiragen ruwa maƙare da siminti sunka toshe tashar Legas wata da watanni. Daga nan gidan ƙasa ya zama alamar talauci, wanda duk ya samu sarari sai ya rushe na ubanshi ya sa bulo, ko aƙalla ya yaɓe fuskar da siminti don kar a ce. (Yaɓen nan ma sau da yawa cuta ce, ruwa ya shiga bayanshi ya kasa fita, wata rana ya ɓanɓaro da rabin katanga.) A yau masana'antar Kalambaina tana hannun kamfanin BUA kuma lissafinta ya koma miliyoyin tan.

Ba ina zagin siminti ba ne. Ba mai son komawa yaɓe duk shekara, ko kwana cikin fargaba in hadari ya haɗo a watan Agusta. Illa dai siminti in ya kama ya kama kenan, ba ka jiƙa shi ya dawo. Kowane sabon gida sai sabon yashi daga gulbi, sabuwar tsakuwa, sabuwar jar ƙasa ta ciko, tifa na ta kai da kawowa daga bayan gari ana barin ramuka waɗanda ba na kowa ba. Kuma aikin siminti kaɗai na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon da ke ɗumama duniya, mu kuma da muke shan zafin da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu cikin ɗakin bulo da kwano mun san ba labari ba ne.

Ɓangaren fili ma ya canza. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta maida filaye hannun gwamna, takarda ta zama ita ce magana, fuloti ya zama jari, dillalai sunka yi yawa. Gonakin bakin gari da da ake kai musu takin cikin gari sun zama unguwanni, ganuwa ta narke sai sunayen ƙofofi. Sai ido ya koma kan kududdufai: a yi ta zuba shara da leda shekara da shekaru, a kawo ɓaraguzai a danne, a yanka a sayar. Wani zai ce ai wanga ma sake amfani da fili ne. Ni ban yarda ba, don ruwan da ke zama nan bai samu takardar sallama ba, zai nemi wuri, kuma mutanen unguwar Mabera ba sai an yi musu bayanin abin da ake nufi da ruwa ya rasa hanya ba. Ga shi gidan da anka ɗora kan shara bai daɗewa fandisho ya zauna, bango ya tsage.

Abin da muke juyawa da gaske yanzu ƙarfe ne, saboda shi ke da kilo. In ana rushe bene za ka ga samari da guduma suna fasa dekin don rodi, 'yan gwangwan su auna, a loda tirela zuwa kamfanonin narka ƙarfe na Legas da Ogun ya dawo mana sabon rodi. Sana'a ce mai ciyar da gidaje da yawa, kodayake ɓata-gari sun shafa mata baƙin jini da satar murfin kwalbati da wayoyin wuta, har Borno ta hana ta a 2023. Sauran kankaren kuwa sai dai ciko ko a jibge bakin titi ya toshe gwata. A ƙasashe irin Holan niƙa shi ake da inji a tace a shimfiɗa ƙarƙashin titi, a rage fasa sabon dutse. Mu da tsakuwa mai kyau ke zo mana daga nesa da tsadar dizal, mun fi su buƙatar wagga dabara, kuma injin niƙan ba wani abin al'ajabi ba ne, irin na masu fasa dutse ne.

Misalin da ya fi kusa da mu ma Hausawa ne 'yan uwanmu na jihar Tawa a Nijar. Masallacin Yama da magini Falke Barmu ya gina da ƙasa ya ci kyautar Aga Khan ta zanen gine-gine a 1986. A Dandaji kuma da tsohon masallacin Juma'a ya tsufa ba a rushe shi ba, gyara shi anka yi ya zama laburare, anka gina sabo kusa da shi da bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, aka gama a 2018, kuma cikin masu zanen akwai 'yar Nijar Mariam Issoufou Kamara. Irin wanga bulo siminti kaɗan yake ci, kuma ɗakin ya fi sanyi. Matsalar a nan gida ita ce birkilolin da sunka iya shi ba su da yawa, tsofaffin maginan da sunka san laso da ɗaurin azara suna ƙarewa, giginyar ma an sare ta an bar kaɗan, kuma har yanzu in saurayi ya ce da jar ƙasa zai gina ɗakin amarya sai dangin yarinya sun tambaya ko lafiya.