Allocutus: tambayoyin da kuke ta maimaitawa

Duk ranar da jarida ta kawo labarin yanke hukunci sai an sake tambayar wannan kalma. Ga amsoshin wuri guda.

Mece ce allocutus?

Roƙon sassauci. Bayan alƙali ya samu mutum da laifi, kafin ya faɗi hukunci, ana tambayarsa ko yana da abin cewa. Abin da shi ko lauyansa ya faɗa a wannan gaɓar shi ake nufi.

Turanci ce?

Latin ce, daga alloqui, wato yi wa wani magana. A Amurka allocution suke cewa.

Za ta iya wanke mutum?

A'a. Bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ba lokacin cewa "wallahi ba ni ba ne" ba ne, an wuce nan tun lokacin kare kai.

To yaya ake sa ta a jimla?

"Lauyansa ya gabatar da allocutus, ya ce wannan ne laifinsa na farko." Haka. Don Allah ku daina rubuta "alƙali ya yanke masa allocutus". Alƙali saurara yake yi, mai laifi ke roƙo. Kuma ba ta shiga neman beli, ba ta shiga shari'ar bashi ko ta fili.

Ina shirin ɗaukaka ƙara. In roƙi sassauci ko in yi shiru?

Nan ne ake yin ɓarna, kuma amsar ta danganta da shari'arka. Roƙon sassauci bai toshe maka hanyar ɗaukaka ƙara ba, kada hankalinka ya tashi. Sai dai alƙali na rubuta abin da ka faɗa, kuma wannan kundin ne kotun sama za ta karanta. Wanda ya yi watanni yana musanta tuhuma, sannan ya miƙe ya ce "sharrin shaiɗan ne, ba zan ƙara ba", ya bar wa lauyansa jan aiki. Galibi abin da ya fi shi ne ka tsaya kan halin da kake ciki: ba a taɓa ɗaure ka ba, ga iyali da kake ciyarwa, ga rashin lafiya tare da takardar asibiti a hannu, ga watannin da ka shafe a tsare kana jiran shari'a. Sashe na 310 na dokar ACJA ta 2015, wato dokar tarayyar Najeriya kan yadda ake gudanar da shari'ar laifuka, ya ba da damar kiran shaidar da zai faɗi halinka, amma jihohi na da nasu dokokin, a duba ta jiharku. Idan kuwa ka amsa laifi tun farko, nadama a fili ta fi amfani, musamman in ka mayar da abin da ka ɗauka. Ku daidaita kalmomin da lauyanka kafin ranar hukunci, ba a cikin akwatin tuhuma ba.

Dole alƙali ya sassauta?

Ba dole. Inda ma doka ta ƙayyade hukunci ɗaya tak, kamar a laifin kisan kai ƙarƙashin sashe na 221 na Penal Code, wato dokar hukunta laifuka ta Arewacin Najeriya, zai iya saurarenka amma ba shi da ikon ragewa.

Dole sai da Turanci?

Yi da Hausarka, akwai tafinta. Ka dai taƙaita.